Abin da Baffanka Sale Ya Faɗa a Gonar Masara

Zuwa ga ɗana Kabiru, Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da sa albarka, ina roƙon Allah ya kiyaye maka hanya, ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, ya sauke ka Kano lafiya. Na ce da mahaifiyarka ta sa wannan takarda a aljihun rigarka. Ka buɗe ta da zarar motarku ta bar Rogo. In ka bari sai Kano, ka ɓata mini aiki.

Malam Habu mai rubutun wasiƙa ne yake rubuta mini a rumfarsa ta kasuwa. Na gaya masa ya rubuta yadda maganar ta fito daga bakina, kada ya yi mata kwalliya, don kwalliyar magana ce ta kawo ni inda nake.

Shekara goma sha biyu ke nan ina yawo da abu a cikina. An tsaya a gonata, a gaban idona, aka yi magana a kaina da Turanci, aka yi dariya, aka shiga mota aka tafi. Har yau ba wanda ya zaunar da ni ya ce, Iro, ga abin da aka faɗa. Kai kana shekara bakwai a lokacin. Ka tashi ka tarar ba na zuwa gidan Baffanka Sale, ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ba ka taɓa tambayata dalili ba, don an yi maka tarbiyya. Yanzu da za ka tafi kwalejin horon malamai karatun Turancin nan, gara ka ji daga bakina.

Abin ya samo asali tun muna yara. Wata shekara dagaci ya aiko cewa duk gidan da ke da yara maza biyu sai ya ba da ɗaya a kai makarantar boko. A lokacin ba wanda yake ba da ɗan da yake so. Ni na riga na iya riƙe fartanya, ina bin Baba gona, don haka da aka hango ɗan aike, Baba ya ɗaga ni ya jefa cikin rumbu ya mayar da murfi. Na wuni a kan damman gero, ƙaiƙayi yana cina, ina jin kukan mata ta cikin bango kamar an yi rasuwa. Sale aka miƙa. Rigata ma aka sa masa tana jan ƙasa, don tasa ta yage. Da na fito daga rumbun nan kaina ya yi girma. Na ce ni ne ɗan so, shi ne wanda aka bayar. Da wannan tunanin na girma, da shi na yi furfura.

To ka ji na farko. Kai ma an zaɓe ka ne, yayyenka suna gona. Kada ka ɗauka zaɓen ya nuna wanda ya fi. Ni na ɗauka haka daga cikin rumbu, ban ga amfaninsa ba.

Baba bai daɗe ba bayan nan Allah ya yi masa rasuwa. Ina ɗan saurayi gidan ya dawo kaina, har da Sale da karatunsa a Ƙaraye. Ba na mantawa da tafiyar nan. In an yi girbi sai Inna ta haɗa garin gero da ƙuli-ƙuli da daddawa, in ɗora a ka in kama hanya da ƙafa tun rana ba ta yi zafi ba. A bakin rafi akwai rugar su Buba, wannan dai Buban da ka sani. Mahaifiyarsa ba ta bari in wuce sai na sha nono, tana yi mini tsiya wai Bahaushe da kaya a ka kamar jaki. In na isa, Sale ya sheƙo da gudu, mu zauna gindin tsamiyar bayan makaranta, ya buɗe ƙullin yana ci yana karanta mini littafinsa. Ni kuwa in yi ta dariya, in ce yana magana kamar mai tauna dankali da zafi.

Wata rana ya rufe littafin ya ce, “Yaya, in koya maka? Kullum ka zo in ba ka kaɗan.”

Na ce, “Ka koya wa jakin gidan dagaci, shi ne ba shi da aikin yi.”

Bai sake yi mini tayin ba. Kyauta aka kawo mini ilimi har gindin tsamiya, na yi masa ba'a don daga bakin ƙanena ya fito. Auta, a makarantar nan za ka tarar da wanda ka girma ya fi ka sani. Ka zauna kusa da shi. Shekarunka ba za su ragu ba don ka tambaye shi.

Amma kada ka ce ban san Turanci ko kaɗan ba. Na sani, kuma shi ne ya cuce ni. Zamanin da gyaɗa take gyaɗa, da kaka ta yi nakan je Ƙaraye aikin dako a wurin awo. Ba ku ga wannan zamani ba. Buhuna a jere har ba ka hango ƙarshensu, ƙanshin gyaɗa ya cika gari, masu ƙosai da masu fura kowa da ciniki, manyan motoci suna layi. Akawun wurin mutumin kudu ne, ba ya jin Hausa. Daga bakinsa na tsinci kalmomi. In ya ce “kam” mu zo, in ya ce “go” mu tafi. In ya ce “birin” mu kawo buhu. In za a ɗora a mota ya riƙa cewa “of, of,” yana nuna sama. Da waɗannan na dawo Beli, na riƙa zuba su a majalisa, mutane suna cewa Iro ya ji Turanci. Ni ma na yarda. Na ɗauka Turanci kamar tsabar gyaɗa ne, ka tsinci wannan ka tsinci waccan, in sun yi yawa ka cika mudu.

Buba ya taɓa ja mini kunne, ban ji ba. Shi da ya tashi da baki biyu, Fillanci da Hausa, ya san abin. Ya ce lokacin da mahaifiyarsa ta fara shigowa gari tallan nono, ta san “ci” ta san “kasuwa”, amma da aka ce mata gobe kasuwa take ci sai ta tsaya tana kallon mutane. Ya ce ba ta ji Hausa ba sai da ta daina tambayar kalma ɗaya-ɗaya, ta koma zama da mata wurin sussuka tana cewa, wannan maganar gaba ɗayanta, yaushe ake faɗarta, kuma wa ake faɗa wa? Ya ce, “Iro, ina jin Turawa ma haka suke. Kai dai guntaye ka tsinto.” Na ce masa ya koma wajen shanunsa.

Yanzu ga maganar gona. Sale ya gama karatu ya zama malamin gona. Shekarar da aka fara kawo sabon irin masara da takin zamani yankinmu, aka ce ana neman gonar gwaji a Beli, wadda za a riƙa kawo manoma su gani. Sale ya ba da sunana. Ya zo da wani babban jami'i daga Kano, dogo mai tabarau, shi ma ba Bahaushe ba ne. Rabin gari ya biyo mu gona. Jami'in ya fara bayani, Sale ya matso zai fassara.

Na duba na ga dattawan gari, na ga surukaina, na ga tsararrakina da na shekara ashirin ina yi musu “kam” da “go”. Na ce ƙanen da na ɗauka a wuya ne zai tsaya a gabansu yana koya mini noma? Na ɗaga masa hannu na ce, “Koma gefe, ina ji.”

Ya ce a hankali, “Yaya, bayanin da ɗan yawa.”

Na ce, “Na ce ina ji.”

Ya koma gefe. Ka san ƙane ba ya musu da yayansa a gaban jama'a. Mutumin nan ya yi ta magana. Yana tsugunawa, yana auna ƙasa da tafin hannu, ya fito da murfin kwalba yana nuna mini. Jefi-jefi nakan ji kalmar da na sani ta wuce, amma a haɗe da wata, kuma in sun haɗu sai su ƙi zama abin da na sani. Duk da haka duk inda ya tsaya na ce “yes sa.” Da yamma Sale ya biyo ni gida ya ce ko in bari ya maimaita mini da Hausa, mu biyu kawai a zaure. Na ce tun ba a haife shi ba nake noma.

Na shuka masarar yadda nake shuka dawa, huɗu biyar a rami ɗaya. Da ta fito na ɗebi takin da hannu na zuba a gindinta, yadda muke yi da takin shanu, har na ƙara don in nuna ban yi rowa ba. Ashe ɗaya ake bari a rami, takin kuma cikin murfin kwalba ne, a binne shi nesa da gindi kamar taƙi guda. Wannan sai daga baya na gani a gonar wani a Zoza. Cikin mako biyu gonata ta yi ja kamar an bi ta da wuta.

Auta, in ka manta duk abin da ke cikin takardar nan, ka riƙe wannan. In ba ka gane ba, ka ce ba ka gane ba. Ka faɗa a gaban aji, ka faɗa a gaban ƴan mata, ka faɗa a gaban wanda ka raina. Za a yi dariya, ba ta wuce ta yini ɗaya. Kada ka kaɗa kai ga maganar da ba ka ji ba, ko da malamin yana sauri, ko da kowa ya kaɗa.

Ranar da suka dawo dubawa, da motoci biyu suka zo, da manoma daga wasu garuruwa. Jami'in ya tsaya ya dubi gonar, ya cire tabarau, ya fara faɗa. Ba sai ka ji Turanci ba kake sanin ana zaginka. Yana nuna ni da yatsa, yana nuna gonar, ya juya kan Sale yana nuna shi. Ni ina tsaye da fartanya a kafaɗa. Sai Sale ya tako ya tsaya kusa da ni, ya dafa kafaɗata, ya faɗi wata gajeriyar magana. Na riƙe ta kamar yadda ake riƙe karatun allo: “Hi burot mi of.” Mutumin ya dube ni, ya dubi Sale, ya yi ƴar dariya, waɗanda suke tare da shi suka taya shi. Ya miƙo mini hannu muka gaisa, ya shiga mota.

Na riƙo hannun rigar Sale na ce, “Me ya ce? Kai kuma me ka ce?”

Ya ce, “Ba komai, Yaya. Cewa ya yi Allah ya ba da sa'a baɗi.”

Mutum ya yi faɗan da ya isa a dafa shayi a sha, a ce mini wai Allah ya ba da sa'a baɗi. Wannan ita ce ƙaryar da ban yafe ba. Na san haka tafintoci suke yi, na gani a gaban alƙali, na gani a asibiti. Suna sanyaya magana kafin su miƙa wa babba, wai ladabi. To ni ban ɗauke shi ladabi ba. Kai in ka zama malami, wata rana wani tsoho zai kawo maka takarda ko ya ce ka tsaya masa a ofis. Ka gaya masa duka, mai daɗi da marar daɗi. In da zagi a ciki ka ce masa da zagi. Nasa ne, ba naka ba, ba ka da ikon ɓoye masa. Kuma in kuna tare da abokanka ga dattijo a zaune, kada ku juya harshe zuwa Turanci ku yi dariya, ko da labarin ƙwallo kuke yi. Shi ba zai san na ƙwallo ba ne.

Ga wautar da ta fi duka. Maimakon in kai maganar nan gaba ɗayanta wurin mai ilimi, sai na ji kunyar a san abin ya dame ni. Na rarraba ta. Na tambayi wani direba ma'anar “burot” kamar da wasa, ya ce ɗan'uwan “birin” ne, kawowa. Bayan wata biyu na tambayi mai shagon magani “mi”, ya ce ni. “Of” kuwa ai na san shi tun wurin dako. Na haɗa da kaina a gona, ya ba ni wai an kawo ni sama. Na ce shi ke nan, Sale ya dafa ni ya gaya wa baƙo cewa shi an ɗaukaka shi, ni an bar ni a ƙasa, shi ya sa suka yi dariya. Yau ina gaya maka gaskiya, maganar ba ta ma zauna daidai ba. Ni na danna ta ta zauna, don abin da zuciyata take son ji ke nan.

Daga nan na ɗauke ƙafa. Ban yi gaba irin wadda addini ya hana ba, in mun haɗu wurin jana'iza ina amsa sallamarsa. Iyakarta ke nan. Ya zo Beli sau uku da babur ɗinsa, na sa aka ce masa ina gona alhali ina ɗaka. Da ya aurar da ƴarsa mahaifiyarka na tura. Ya aiko da shadda da sallah, na ba Buba. Mahaifiyarka ta yi magana har ta gaji, ta ce, “Malam, jininka ne fa.” Na ce ta kula da tukunyarta.

Kada ka koyi Turanci yadda na koya. Na lura mutanen nan suna da ƙananan kalmomi da suke liƙa wa manya, sai ma'ana ta sauya hanya gaba ɗaya, kamar yadda mu ma muke cewa shan iska ba tare da an kawo kofi ba. In ka ji irin wannan, ka ɗauke ta a dunƙule ka kai wa malaminka. Ka tambayi inda ake faɗarta, da yabo ce ko zagi, da ana faɗa wa babba ko sai yaro. Ka rubuta ta tare da labarin da ka ji ta a ciki. In kuma magana ta zo maka a duhu daga bakin wanda ka san yana ƙaunarka, kada ka zaɓar mata mummunar fassara don kawai ranka a ɓace yake.

Ka tuna shekaranjiya da la'asar, kana ɗaure akwatinka a zaure, na ce na ji wata magana a rediyo, na faɗa maka ita? Ba a rediyo na ji ba. Ko ɗago kai ba ka yi ba ka ce, “Ai Baba wannan maganar reno ce. Shi ya rene ni, shi ya yi ɗawainiyata har na girma.” Na ce ka tashi ka ba awaki ruwa, alhali an riga an ba su. Ba na son ka ga fuskata ne.

Malam Habu ya ajiye biro yanzu ya ce fassararka daidai ce, wai shi ma da na tambaye shi tuntuni da ya gaya mini. Na ce ya ci gaba da rubutu, ba shawara na zo nema ba.

Ban ce na yarda ba tukuna. Kai yaro ne, jiya ka gama sakandare. In kuwa haka ne, to Sale ya tsaya a gaban maigidansa ya tare mini faɗa bai ji tsoron rasa aikinsa ba, ni kuma na shekara goma sha biyu ina ɓuya masa a ɗaka. Wannan ba abin da zan karɓa daga bakin ɗana ba ne, ko daga bakin mai rubutun kasuwa. Kuma ko da haka ne, shi ma yana da laifi. Me ya hana shi faɗa mini da Hausa a ranar? Kalma nawa ce?

Abin da ya sa na ce ka buɗe takardar a hanya shi ne, direban da ke zuwa Ƙaraye ya gaya mini Baffanka ya faɗi wata biyu da suka wuce. Ɓarin jikinsa ya shanye, harshensa ya yi nauyi, kuma kullum ƙara nauyi yake yi. Mahaifiyarka ta je ta dawo tana kuka, ni ban je ba. Na ɗaura niyya sau biyu, na kai bakin titi na dawo. Ban san da wace fuska zan shiga ba.

In kun isa Ƙaraye ka sauka. Makaranta ba za ta gudu ba don ka yi lattin yini ɗaya. Ka nemi mai babur ya kai ka Daurar nan tamu ta Ƙaraye, kowa ya san gidan Malam Sale malamin gona. Ka durƙusa ka gaishe shi yadda ake gaida uba. Sannan ka karanta masa wannan takarda tun daga sama, kada ka tsallake inda na zage shi, kada ka tsallake inda na zagi kaina.

Allah ya yi maka albarka, Auta. Allah ya buɗe maka ƙirji, ya haɗa ka da malamai masu haƙuri da abokan kirki. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka kula da abin da kake ci, ka riƙa aiko wa mahaifiyarka da saƙo. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya. Allah ya ba Baffanka sauƙi. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Iro na Beli.

Sale, yanzu da kai nake, tunda yaron yana gabanka. Ni ne Yaya. Ina so ka gaya mini abin da mutumin nan ya ce a gonata, dukansa, har zagin. Ka gaya mini abin da kai ka ce masa, da Hausa, da abin da ya ba su dariya. In bakin ba ya iyawa, ka sa yaron ya maimaita fassararsa, kai ka ɗaga hannun da ke motsi in haka ne. Yaron ya ba direban Rogo saƙon ya kawo mini. Ranar Juma'a zan zauna a bakin titi da rigar tafiya a jikina tun hantsi. In ka ce in zo, motar da ta kawo saƙon ita zan hau. Na gaji da jira, Sale. Ka ba ni amsa.